Kilwa, birnin da iska da zinariya suka gina

Duk wanda ya ɗauki taswirar Afirka ya bi gaɓar Tekun Indiya da yatsa, tun daga Mogadishu ya gangaro ta Lamu da Malindi da Mombasa da Zanzibar, zai iske wani ɗan tsibiri kimanin kilomita 300 kudu da Darussalam, a ƙasar Tanzaniya ta yau, wanda siririn mashigin ruwa ne kaɗai ya raba shi da tudu. Sunansa Kilwa Kisiwani. A yau masunta da manoma ne ke zaune cikinsa a tsakanin kufai, alhali kuwa a ƙarni na 14 babu wani gari a wannan gaɓa ta masu harshen Swahili da ya kai shi dukiya da ɗaukaka.

Sirrin al'amarin yana ga iska. Allah cikin hikimarsa ya sanya wa wannan teku iska biyu masu karɓa-karɓa: daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, mutanen gaɓar suna kiranta Kaskazi, ita ce ke turo jiragen Larabawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Afirka; daga Afrilu kuma sai ta juya ta zama Kusi, ta mayar da su gida. To, jirgin da ya taso daga Bahar Farisa ko Indiya, idan yana so ya zo ya sauke kaya ya yi lodi ya koma cikin shekara guda, Kilwa ce kusan iyakar inda zai iya kaiwa a kudu, domin daga nan ƙarfin Kaskazi yake raguwa. Zinariyar da duniya ke nema kuwa tana can kudu da nisa, ana haƙo ta a tuddan Zimbabwe, a sauko da ita tashar Sofala ta ƙasar Mozambik. Mai zinariya ba ya iya hawowa, mai saye ba ya iya gangarawa, sai mutanen Kilwa suka tsaya a tsakani da ƙananan jiragensu, suna kai tufafi da duwatsun ado Sofala, suna dawowa da zinariya da hauren giwa, sarkinsu kuma yana karɓar haraji a kan abin da ya shigo da abin da ya fita. Baƙon ɗan kasuwa dole ya zauna wata da watanni yana jiran iska ta juya, saboda haka sai ya sauka gidan wani attajirin gari, wanda zai ba shi masauki ya kuma tsaya masa a ciniki, kamar dai yadda fatoma yake yi wa fatake a ƙasar Hausa. Da irin wannan zama ne aka ƙulla auratayya, addinin Musulunci ya kafu, harshen Swahili kuma, wanda asalinsa da nahawunsa na Bantu ne, ya ɗebi kalmomin Larabci masu yawa.

Game da asalin sarautar garin, tarihin Kilwa da aka rubuta da Larabci a ƙarni na 16 ya ruwaito cewa wani basarake daga Shiraz ta ƙasar Farisa ya fito da 'ya'yansa shida a jirage bakwai, kowane jirgi ya tsaya a wani wuri, wanda ya sauka Kilwa kuwa shi ne Ali bin Hasan, ya sayi tsibirin daga hannun mai ƙasa da tufafin da suka isa su kewaye shi. Turawan mulkin mallaka sun riƙe wannan riwaya da hannu biyu, suka yi ta rubuta cewa baƙi ne suka gina biranen gaɓar nan, 'yan ƙasa ba su da hannu a ciki. A ganina wannan zalunci ne ga tarihi. Haƙe-haƙen da aka fara a tsibirin tun zamanin mai binciken kufai Neville Chittick, daga 1958, sun nuna akwai mutane a wurin tun kafin zuwan sarautar Shirazi, masunta da maƙera, kuma mafi yawan tukwanen da aka tono a kowane zamani na garin ƙirar gida ne. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a kan ƙasusuwan makabartun gaɓar har da na Kilwa, ya nuna cakuɗuwar jinin Farisawa, galibi ta wajen uba, da na 'yan Afirka, galibi ta wajen uwa, tun wajen shekara ta 1000. Ashe riwayar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai baƙin da suka zo sun tarar da al'umma ne suka narke cikinta, jikokinsu suka tashi da harshen iyayensu mata.

Ganiyar Kilwa ta zo ne a hannun gidan Mahdali, waɗanda suka karɓi sarauta a ƙarshen ƙarni na 13, musamman zamanin Sarki Hasan bin Sulaiman, wanda saboda yawan kyautarsa ake yi masa laƙabi da Abul Mawahib. Shi ne ya faɗaɗa babban masallacin Juma'a da rukunai da ƙubbobi, da dutsen murjani da ake sarowa daga teku a ɗaure shi da farar ƙasa, shi ne kuma ya gina fadar Husuni Kubwa a kan wani tudu mai kallon ruwa, mai ɗakuna fiye da 100, da farfajiyar zaman fada, da tafkin wanka mai kusurwa takwas, da rumbunan ajiye hajja. Sarakunan garin suna buga kuɗinsu na tagulla da rubutun Larabci, kuma an tsinci ɗaya mai ɗauke da sunan wannan sarki a kufan Babbar Zimbabwe, can cikin tudu mai nisan gaske daga teku. Attajirai suna cin abinci a tangaran na ƙasar Sin, har su manna kwanukan a jikin gini don ado.

A zamanin wannan sarki ne, shekara ta 1331, shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya iso Kilwa. Ya sanya ta cikin mafi kyawun biranen da ya gani, ya ce mutanenta baƙaƙe ne masu tsage a fuska, ma'abota addini da salaha, mabiya mazhabar Imam Shafi'i, ya kuma ba da labarin da ya gani da idonsa ranar wata Juma'a: wani fakiri mutumin Yaman ya tare sarki bayan an sauko daga masallaci ya roƙe shi tufafin da ke jikinsa, sarki ya koma ciki ya sake wasu ya ba shi waɗanda ya tuɓe duka. Ya ambata kuma cewa sarkin yana kai hari kan maƙwabtansa na tudu waɗanda ba Musulmi ba, yana fitar da humusi daga ganima, wanda ke nuna mana cewa kamun bayi yana cikin tushen wannan dukiya tun farko. Abin da ya kamata mu lura da shi a nan, wannan matafiyi shi ne wanda bayan shekara ashirin da 'yan kai ya ratsa Sahara ya je Mali, ya biyo ta Takadda a ƙasar Nijar ta yau, inda ya ce ana kai tagullarta Gobir da Barno. Idon mutum guda ya ga gefen Afirka biyu suna ciniki da duniya a ƙarni guda.

Sannan Turawan Fotugal suka kewayo ta kudancin Afirka. A 1502 Vasco da Gama ya tsaya da jiragen yaƙi a bakin garin, ya tilasta wa mai mulki, Amir Ibrahim, biyan miskali 1,500 na zinariya, kuma da wannan zinariya ce aka ƙera wani kayan ibadar coci wanda har yau yana gidan tarihi a Lisbon. A 1505 Francisco de Almeida ya sauke mayaƙa, Ibrahim ya gudu, aka washe garin, aka gina ganuwa, aka naɗa wanda suke so. Ba su daɗe ba, domin a 1512 suka tattara suka bar tsibirin, amma ɓarnar ta riga ta auku, saboda sun kafa sansani a Sofala da tsibirin Mozambik sun tare hanyar zinariya, Kilwa kuwa ba ta da ma'adini nata, tsayuwa a tsakani ita ce jarinta.

Garin ya ɗan farfaɗo a ƙarni na 18, bayan Larabawan Oman sun ƙwace Mombasa daga hannun Fotugal a 1698, amma farfaɗowa ce mai ɗaci, domin a kan cinikin bayi ta ginu. A 1776 sarkin Kilwa ya ƙulla yarjejeniya da wani Bafaranshe mai suna Morice cewa zai riƙa ba shi bayi 1,000 kowace shekara, domin gonakin Faransa da ke tsibiran Tekun Indiya. A ƙarni na 19 cinikin ya koma Kilwa Kivinje da ke tudu, inda ayarori daga yankin Tabkin Malawi suke sauke mutane a ɗaure a wuce da su Zanzibar, sarautar tsibirin kuma ta mutu a hannun sarakunan Zanzibar. Jamusawa suka mallake gaɓar, kuma a tsaunukan Matumbi da ke kusa da Kilwa ne tawayen Maji Maji ya ɓarke musu a 1905.

A 1981 hukumar UNESCO ta sanya kufan Kilwa Kisiwani da na maƙwabciyarta Songo Mnara cikin wuraren tarihi na duniya. A 2004 aka sa su cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗari, saboda teku na cin gindin gine-ginen, itatuwa kuma na tsaga bangaye, sai a 2014 aka fitar da su bayan aikin gyara. Mai son ziyara a yau daga garin Kilwa Masoko yake shiga kwalekwale ya haye, kuma masallacin Juma'ar da ƙubbobinsa, da kufan Husuni Kubwa, da ganuwar da ake kira Gereza da ke bakin ruwa, duk suna nan ana shiga ana gani.