Leƙa Tsohon Fayil Ba Tare da Asarar Sabo Ba

Tun 1972, lokacin da Marc Rochkind ya ƙirƙiro SCCS a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka, manhajojin adana tarihin fayiloli suka ginu a kan ƙa'ida guda: ciro tsohon aiki daban, goge sabo daban. Duk da haka, har gobe masu rubuta manhaja na fargabar cewa in suka dawo da fayil ɗin watan jiya, aikin makon nan zai salwanta. A ganina laifin ba na ma'ajiyar ba ne, na irin umarnin da aka tanadar wa mai aiki ne.

RCS, wanda Walter Tichy ya fitar a Jami'ar Purdue a 1982, ya isa hujja. Sabon fayil kaɗai yake ajiyewa cikakke. Tsofaffin kuwa sai ya riƙe bambancinsu, ya bi lissafi da baya ya sake gina su. Ashe tsohon ba ya ma samuwa sai da sabon. Ruɗanin ya fito fili ne a zamanin CVS, inda wanda ya ciro tsohon juyi yakan tarar fayil ɗinsa ya maƙale a can, ba ya karɓar sabbin gyare-gyare sai in da gangan aka saki alamar da ke riƙe shi a can. Komai na nan a ajiye, amma mai aiki ya ga kamar an yi masa sata. Git, wanda Linus Torvalds ya fara a 2005, ya ƙara dagula lissafin, domin umarni ɗaya, checkout, shi ke sauya reshe, shi ke kai mutum tsohon matsayi, shi kuma ke maye gurbin fayil guda. Sai a 2019, a juyi na 2.23, aka raba aikin tsakanin switch da restore.

Wani zai ce ai umarnin reset --hard na Git na share aiki da gaske. Haka ne, amma me yake sharewa? Gyaran da ba a riga an shigar cikin tarihi ba, shi ke tafiya, kuma restore ma na iya danne shi. Wanda aka shigar kuwa, Git na riƙe sawunsa a kundin reflog, bisa tsarin asali har kwana 30 ko da babu reshen da ke nuna shi, kuma daga nan ake sake kamo shi.