Zango da Motar Kwana a Gandun Dajin Great Smoky

Gandun Dajin Great Smoky yana kan iyakar jihohin Tennessee da North Carolina a kudu maso gabashin Amurka, cikin jerin duwatsun Appalachia. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,100, kuma babu wani gandun daji na ƙasa a Amurka da ya kai shi samun baƙi, domin a shekarar 2021 masu ziyara sun haura miliyan 14. Cikinsu akwai iyalai da yawa masu zuwa da motar kwana, wato mota mai gado da wurin girki da banɗaki, ko kuma tirela mai ɗaki da ake ja da wata mota.

Asalin yankin ƙasar ƙabilar Cherokee ce. A 1838 gwamnati ta tilasta wa mafi yawansu ƙaura zuwa yamma, amma zuriyar waɗanda suka rage tana zaune har yau a garin Cherokee, a bakin gandun ta kudu. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin katako suka sare dajin da yawa, abin da ya sa jama'a suka tashi neman a kare shi. Jihohin biyu da mutanen gari suka tara kuɗin sayen filaye, attajiri John D. Rockefeller Ƙarami ya ƙara dala miliyan 5. An kafa gandun ranar 15 ga Yuni, 1934, Shugaba Franklin D. Roosevelt ya ƙaddamar da shi ranar 2 ga Satumba, 1940, sannan UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1983.

Hazo mai shuɗi-shuɗi kan lulluɓe duwatsun, wanda ke samuwa daga tururin da itatuwa ke fitarwa cikin iska mai laima. Tsauni mafi tsawo shi ne Kuwohi, mai mita 2,025, wanda aka sani da Clingmans Dome kafin a maido masa da sunansa na Cherokee a 2024. Babbar hanya mai tsawon kusan kilomita 50 ta ratsa gandun daga garin Gatlinburg zuwa Cherokee, tana haurawa har mita 1,538 a mashigin Newfound Gap.

Sansanonin da mota ke iya shiga guda 10 ne. Elkmont, wanda a da zangon masu saran katako ne, ya fi girma. Cades Cove da Smokemont ne kaɗai ke buɗe duk shekara, kuma motar da ta wuce tsawon mita 12 ba ta samun wuri a cikinsu. Balsam Mountain yana sama da mita 1,600, shi ya sa ake jin sanyi a can ko a tsakiyar lokacin zafi. Big Creek kuwa na masu tanti ne kawai. Abin da ya bambanta waɗannan sansanoni shi ne rashin ƙawa: akwai ruwan sanyi da banɗaki da tebur da murhu, amma babu wurin wanka, kuma in ban da wasu gurabe a sansanin Look Rock, ba a jona mota da lantarki ko famfo. Dole iyali su cika tankin ruwa, su dogara da batir, su kuma kashe janareta daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Wannan tsari yana da amfani a bayyane, domin shi ke sa dare ya yi tsit, namun daji su ci gaba da zirga-zirgarsu kusa da mutane.

Wurin da iyalai suka fi so shi ne kwarin Cades Cove, inda hanya mai kilomita 18 ke zagaya makiyaya da tsofaffin gidajen katako da majami'u uku da injin niƙa mai aiki da ruwa, duk na manoman da suka zauna a nan tun ƙarni na 19. Da sassafe da yamma ake fi ganin barewa da talotalon daji da baƙar beyar. A kwarin Cataloochee akwai elk, wata ƙatuwar dabba dangin barewa da aka maido a 2001. A ƙarshen Mayu ko farkon Yuni wasu ƙwari masu walƙiya da dare kan haska tare a lokaci guda a Elkmont, kuma saboda yawan masu son gani, ta hanyar ƙuri'a ake ba da izinin shiga. Ƙananan hanyoyi irin ta Roaring Fork an hana motar kwana binsu saboda ƙunci da kwana-kwana, don haka wasu kan jawo ƙaramar mota a baya.

Dokokin gandun sun fi tsanani a kan abinci da itace. Ana kulle abinci a cikin mota don kada beyar ta saba da shi, an kuma haramta kusantar beyar ko elk ƙasa da mita 46. Itacen wuta da za a shigo da shi sai wanda aka gasa aka buga masa hatimi, don hana shigowar ƙwarin da ke kashe itatuwa.

Ba a biyan kuɗin shiga gandun, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa iyalai masu ƙaramin ƙarfi ke iya zuwa. Tun Maris 2023 ne aka fara sayen takardar ajiye mota, ana amfani da kuɗin wajen gyaran hanyoyin ƙafa da kula da wuraren baƙi. Masu buƙatar lantarki da wurin wanka kan sauka a sansanonin 'yan kasuwa a Townsend da Pigeon Forge da Cherokee, garuruwan da arzikinsu ya dogara ƙwarai ga baƙin gandun.