Farin da Ya Rigayi Baƙi: Rawar Bale da Masu Tsara Tufafi

Wanda ya kalli fim ɗin Black Swan na 2010 zai iya ɗauka cewa baƙar rigar nan mai gashin tsuntsu, wadda 'yan'uwa biyu Kate da Laura Mulleavy na kamfanin Rodarte suka tsara, ita ce mafarin duhun da masu tsara tufafi ke arowa daga rawar bale. A nawa karatun tarihi, baƙin nan baƙo ne da ya iso a makare. Duhun ya fara ne daga farin yadi.

A 1832, Marie Taglioni ta fito a dandalin Opera na birnin Paris cikin wasan La Sylphide, sanye da farin siket shara-shara wanda ya zama tufar 'yan rawa. A 1841 aka nuna Giselle, inda fatalwowin 'yan matan da suka mutu kafin ranar aurensu ke tilasta wa maza rawa har rai ya yi halinsa. A wannan wasa rigar amarya da likkafani suka zama abu guda.

Mutuwar ba ta tsaya a labari ba. Fitilun gas ne ke haska dandali a lokacin, yadin kuwa kamar harawa yake a gaban wuta. A 1859 hukumomin Faransa suka wajabta tsoma kayan wasa cikin sinadarin hana kamawar wuta, amma sinadarin yana sandarar da yadi, yana dusashe haskensa. Emma Livry, ɗalibar Taglioni, ta ƙi amincewa, har ta sa hannu cewa ta ɗauki alhakin abin da zai biyo baya. A Nuwamban 1862 siket ɗinta ya kama wuta wurin gwajin wasa. Ta yi jinyar wata takwas, ta rasu a Yulin 1863 tana da shekara 20.

Shi kuwa wasan Swan Lake, da aka fara nunawa a Mosko a 1877 da kiɗan Tchaikovsky, sai a shekarun 1940 ya zama al'ada a sanya wa mayaudariyarsa Odile baƙaƙen kaya. Ba da jimawa ba, a 1949, Christian Dior ya fitar da rigar dare ta baƙin siliki da karammiski mai suna Cygne Noir. A 2007 Christian Louboutin ya ƙera takalmi mai tsinin da ke tsayar da mace a kan 'yan yatsunta kamar 'yar bale, David Lynch ya ɗauki hotonsa. Azabar ƙafa ta koma ado.

Ba na ganin laifin mai fasaha don ya nemi kyau a cikin tsoro. Damuwata ita ce, tura ta kai bango ne a jikin wasu, riba kuma ta tafi ga wasu. Yawancin 'yan matan Opera na ƙarni na 19 'ya'yan talakawa ne, ana kiransu ƙananan ɓeraye, attajirai masu kujerar dindindin kuma suna farautarsu a bayan dandali. Mai tsara tufafin da ya ari fatalwar ya manta da yarinyar, rabin tarihi ya ɗinka. Sauran rabin yana ajiye a ma'adanar Opera ta Paris: ƙonannun ƙyallayen da suka rage daga rigar Emma Livry.