Gidajen Barnardo: Daga Stepney zuwa Ƙauyen 'Yan Mata

Dokar talakawa ta 1834 ta tanadar wa duk wanda talauci ya yi wa katutu a Ingila wuri guda, wato gidan aikin matalauta. Iyali na shiga sai a raba miji da mata, a ware yara gefe, a sa manya fasa dutse ko tsefe tsohuwar igiya. Da gangan aka tsananta zaman don kada kowa ya yi marmarinsa, shi ya sa yara da dama a gabashin Landan suka gwammace kwanan titi.

Cikin wannan hali Thomas Barnardo, ɗan Dublin, ya iso Landan a 1866 don koyon aikin likita, da niyyar wucewa Sin wa'azin Kirista. A shekarar ce kwalara ta yi wa gabashin birnin ta'adi. Ya buɗe makarantar kyauta a 1867, kuma a faɗarsa (mutum ne da ya iya ba da labari, ya kuma san labari na jawo kuɗi) wani ɗalibinsa, Jim Jarvis, shi ya ja shi da tsakar dare ya nuna masa yara kwance a kan rufin gini, ba mayafi. Tafiyar Sin ta sha ruwa. A 1870 ya buɗe gidan yara maza a Stepney Causeway, ana koya musu kafinta da ɗinkin takalmi.

Wata rana aka sallami wani yaro mai jan gashi, John Somers, saboda babu gurbi. Bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa, yunwa da sanyi sun gama da shi. Daga nan Barnardo ya kafa allo a ƙofa cewa ba za a sake korar yaron da ba shi da kowa ba.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne ƙauyen 'yan mata na Barkingside, wanda aka buɗe a 1876. Maimakon dogon zaure mai jerin gadaje, sai aka gina ƙananan gidaje kewaye da fili, kowanne da mace guda a matsayin uwa. Yarinya ta tashi tana shara da wanki da girki, domin aikatau a gidajen masu hali ake shirya ta. Zuwa 1900 gidajen sun kai 65, ga makaranta da asibiti da coci.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. A 1877 masu bincike suka wanke shi daga zargin cin amanar kuɗi, amma suka soki hotunan yara cikin tsumma da yake shiryawa don neman gudummawa. Ya sha zuwa kotu kan riƙe yaran da iyayensu ke nema. Mafi ɗaci, daga 1882 ya fara tura yara Kanada aikin gona da aikatau, wajen 30,000 kafin 1939, da yawansu kuwa ba marayu ba ne. Kamar yadda gidan matalauta ke raba iyali, ga shi shi ma ya sa teku tsakanin uwa da ɗanta.

Ya rasu a 1905 ya bar gidaje 96 da yara fiye da 8,500. Ƙungiyar da ya kafa ta rufe gidan marayunta na ƙarshe mai tsohon tsari a 1989, ta koma neman wa yara iyayen riƙo da tallafa wa iyalai a gidajensu.