Cibs ɗin leda da masu ƙaurace wa gulutin: Inda haɗarin yake

Gulutin wani nau'in furotin ne da ake samu a alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rye, kuma shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ba ya cutar da akasarin jama'a. Amma ga mai cutar siliyak, wadda aka ƙiyasta tana damun kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, ko ƙanƙani ya ci sai garkuwar jikinsa ta far wa bangon ƙaramin hanjinsa, abin da kan jawo gudawa da kumburin ciki da rama da ƙarancin jini. Maganinta kawai shi ne daina cin gulutin har ƙarshen rayuwa.

Dankalin Turawa da masara da rogo da agada duk ba su da gulutin. Saboda haka cibs ɗin da aka yi da ɗayansu, aka soya da mai da gishiri kawai, asalinsa ba shi da matsala. Daga baya ne gulutin ke shiga.

Wani lokaci ta hanyar garin ɗanɗano da ake barbaɗawa yake shiga, domin wasu kamfanoni kan haɗa shi da fulawa ko tsiron sha'ir. Wani lokaci kuma cibs ɗin kansa ba yankakken dankali ba ne, kwaɓi ne aka murza aka fitar da shi a siffa ɗaya. Pringles misali ne: akwai sitacin alkama a cikinsa.

Hanyar da aka fi mantawa da ita, kuma ta fi shafar mu a nan, ita ce man suya. Mai sana'ar da ta soya cincin ko fanke da safe, sannan ta zuba agada a wannan man, ta riga ta gauraya su, kuma zafin wuta ba ya kawar da gulutin. Cibs ɗin agadar da ake tallarsa a tashoshin mota da cunkoson titi sau da yawa ba ya ɗauke da bayanin abin da aka haɗa, balle na kaskon da aka soya shi. Mai siliyak ya fi dacewa ya haƙura da shi, sai dai in ya san mai suyar.

A kan kayan kamfani kuwa, a duba jerin kayan haɗi, a nemi kalmomin wheat da barley da rye da malt. A Amurka da Tarayyar Turai ba a yarda a rubuta gluten-free a jikin leda ba sai gulutin bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Rubutun wheat-free bai wadatar ba, tun da sha'ir na iya kasancewa a ciki. Kamfanoni kan sauya haɗi, don haka ledar da aka karanta bara sai an sake karanta ta bana.

Wanda ke zargin yana da cutar kada ya daina cin alkama kafin ya ga likita, domin gwajin jini na iya nuna ba shi da ita alhali yana ɗauke da ita.