Ankara ta Bakin Teku: Birnin da Goro Ya Kai Hausawa

Mutumin Gaya ko Ajingi da ya sauka a Accra, babban birnin Ghana, wuraren da aka saba kai baƙi za a fara nuna masa: rairayin bakin tekun Labadi, da kasuwar Makola, da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Jamestown, da kabarin Kwame Nkrumah. Duk sun cancanci ziyara. Amma birnin, wanda fatake ke kira Ankara, yana da wani tarihin da ya shafi baƙon kai tsaye.

Asalinsa goro ne. Shekaru aru-aru ayarin fatake daga ƙasar Kano suna kai jaura da kanwa Gwanja, su sayo goro a kasuwar Salaga. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, cikin rundunarsu har da sojojin Hausawa da Kyaftin Glover ya ɗauka, sai ikon Asante a kan hanyoyin fatauci ya raunana. A 1877 Turawan suka mai da hedkwatarsu Accra. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake da malamai suka watsu, da yawa suka gangara kudu.

Daga nan teku ta maye gurbin jaki. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Accra, yana cikin waɗanda suka riƙa loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko.

Sawun wannan ƙaura bai goge ba. A tsakiyar gari akwai Zongo Lane, inda baƙi Musulmi suka fara yada zango. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo, wanda mahaifinsa malami ne daga Katsina, ya kafa Sabon Zango. A Nima kuwa, da Hausa ake ciniki tsakanin ƙabilun da ba su jin harshen juna. Kusa da nan, a Kanda, babban masallacin ƙasa yake, wanda Turkawa suka gina, aka buɗe a 2021.

Saboda haka, in Allah ya kai ka, ka ga teku, amma ka ware yini guda domin zango. A can za ka fahimci cewa hanyar da jirgin sama ya yanke maka cikin sa'o'i, magabata da ƙafa suka share ta, cikin watanni.