Daga Ajuruma Zuwa Bishiyar Jumla: Yadda Aka Koyar Da Masu Koya Mana Turanci

 Yau tarihi za mu taɓa, tarihin yadda ake horar da malamin Turanci a Arewa. Tambayar da ta kawo ni ita ce: me ya sa ɗalibin jami'a zai shekara huɗu yana karanta nahawun Turanci, ya ci jarrabawa, amma in an tura shi aji sai ya kasa sa yaron ƙauye ya gina jumla guda?

Bari mu faro daga zaure. Tun kafin zuwan Bature, malamanmu suna koyar da nahawun baƙon harshe, wato Larabci. Ɗalibi zai fara da Ajuruma, ya wuce zuwa Alfiyyar Ibnu Malik. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma da kansa ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu, da Hisnur Rasin a kan sarfu. To yaya ake karatun? Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara masa da Hausa ko Fulatanci, kalma bayan kalma. A ce masa Zaidu ya bugi Amru, wa ya yi bugun, wa aka buga, wannan fa'ili, wancan maf'uli. Harshen da yaro ya sha a nono shi ne tsanin da yake takawa ya hau wanda bai sani ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa. Da Hausa aka fara karatu a can, kuma haka elementare ta ci gaba a Arewa, Turanci sai an je midil yake kankama. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a hukumance, aikinta horar da malamai. Shekara biyar ɗalibi yake yi, 'yan kaɗan ake ɗauka, ana kuma gasa su a furuci da karatu a bayyane. Ahmadu Bello ya gama a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1933, dukkansu kuma aji suka shiga suka koyar. Abin lura shi ne, Tafawa Ɓalewan da duniya ta yi wa shaidar iya Turanci shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Abubakar Imam ma ɗan Kwalejin ne, shi ya ba mu Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Mutanen nan harshe biyu suka riƙe da kyau. Amma fa mu faɗi gaskiya, gata ne na tsiraru, yawanci 'ya'yan sarakuna da na manya. Yaron ƙauye irin namu da wuya ya ga ƙofar.

Bayan 'yancin kai sai aka buɗe ƙofa. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya nuna ƙarancin ƙwararrun malamai, daga nan aka kafa manyan kwalejojin horon malamai, irin ta Zariya a 1962, aka fito da takardar NCE. Babbar girgiza ta zo a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Ina za a samo malamai? Aka shiga horon gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don karatu daga nesa. Talaka ya samu aji, wannan alheri ne. Sai dai horo ya yi sirara, malami da yawa ya shiga koyar da harshen da shi kansa bai gama kamawa ba.

A ɓangaren jami'a kuma wani abu daban ya faru. Nazarin ginin jumla irin na Noam Chomsky, wanda ya ɓullo a 1957, da manyan littattafan nahawu na su Randolph Quirk, suka zama gishirin sassan Turanci. Ɗalibi ya koyi zana jumla kamar bishiya, ga reshen suna, ga reshen aikatau. Ilimi ne mai kyau, ni ma na amfana da shi. Amma ba a rubuta littattafan nan don yaron da tunaninsa yake gudana da Hausa ba.

Ga misali. Yaro zai rubuta "Audu he came", malam ya ja jan biro ya wuce. Alhali yaron ƙa'ida ya bi. A Hausa ba ka cewa "Audu zo" in labari kake bayarwa, dole ka ce "Audu ya zo", domin wannan "ya" ita ke ɗauke da lokaci da jinsi. Shi kuma ya kwashe ta ya kai Turanci. Zai ce "I hear the smell", saboda mu "ji" ɗaya gare mu: mu ji magana, mu ji wari, mu ji zafi. Zai yi tambaya ba tare da juya jumla ba, domin mu da karin murya muke mayar da "ka ci abinci" tambaya. Malamin da ya san nahawun Hausa, a minti biyar zai warware wa aji wannan. Kayan aikin ma muna da su, tun 1976 Farfesa M.K.M. Galadanci ya fitar da littafinsa na nahawun Hausa. Matsalar ita ce mai karanta Turanci da mai karanta Hausa kowa da sashensa, kamar ba yaro ɗaya za su je su tarar ba.

Ita ma gwamnati ta daɗe tana kai gwauro tana kai mari. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza a Turanci ba. A 2022 aka amince da harshen uwa a duk shekarun firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka soke, aka ce Turanci zalla. A tsakani mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda malaman firamare 21,780 cikin kusan 33,000 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Mutane suka yi ta dariya. Ni dai abin da na tambaya shi ne, wa ya horar da su, wa ya sa hannu a takardunsu?

To yanzu da aka ce Turanci zalla, nauyin ya ƙara hawa kan malamin Turanci. Jigawa muna da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Roƙona gare su guda ne: duk wanda zai fita da sunan malamin Turanci, a wajabta masa kwas ɗin da ke jera nahawun Turanci da na Hausa kafaɗa da kafaɗa, a saka Fulatanci saboda yaran rugagenmu, kuma a gwada shi da ainihin littafin aikin yaran ƙauye kafin a ba shi takarda. Malaman zaure sun yi ƙarnuka suna wannan aiki da Larabci, ya kuma haifar da marubuta.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai masu zuwa koyarwar gwaji, ku ware littafi guda, ku riƙa rubuta kurakuran da yara ke maimaitawa, kowanne ku nemo tushensa a Hausa. Wata uku kacal za ku ga abin da ya taru.